Ki Shiga Aikin Bincike, Ummi, Amma Ki Riƙe Amana

Paikon Kore,
Ƙaramar Hukumar Gwagwalada,
Abuja.

Ummi,

Babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Saƙonki ya iso. Kin ce an yi miki tayin shiga ayarin masu binciken lafiya da zarar kin gama shekarar koyon aiki, kina son jin ta bakina. Na kuma ji abin da Kawunki ya faɗa miki, wai bincike dabara ce ta mai da talaka zakaran gwajin dafi, likitan kirki kuma a bakin gadon majinyaci ake ganinsa, ba ya zaman cike takardu. Ba Kawunki kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, ba kuma ke kaɗai ce 'yar da aka jefa cikin wasiwasi ba, shi ya sa na ga ya dace in amsa miki a bainar jama'a. Amsata ita ce ki shiga. Amma ki natsu ki ji dalilaina, sannan ki ji sharuɗɗana, domin sharuɗɗan sun fi nauyi.

Bari in fara da abin da na fi sani. A ɗakin haihuwa na ƙare ƙuruciyata, kuma duk ungozomar da kika tambaya za ta gaya miki babu abin da take tsoro kamar jini. Mace ta sauka lafiya, an yanke cibiya, mabiyiya ta faɗo, dangi na waje ana ta barka. Ungozoma ta juya ga jariri, tana goge shi, tana ɗora shi a sikeli. Shi kuwa jinin yana tsiyaya a hankali. Zani ya sha wani, ƙyalle ya sha wani, wani ya bi ƙafar gado ya sauka ƙasa. Da ido aka koya mana ƙiyasta shi, ido kuwa yakan rage. Sai mai jego ta fara hamma, ta ce a ba ta ruwa, ta ce tana ganin duhu, ki taɓa tafin hannunta ki ji shi da sanyi. Daga nan ake fara gudu. A murza mara a jira a gani. A yi allura a jira a gani. A tura miji kemis ya sayo ledar ƙarin ruwa, a shiga neman wanda zai ba da jini. Kowane jira kuwa da jinin mace ake biyansa.

Ki dubi cibiyar tara madara da ke nan garinmu. Matar ruga ba ta isa ta kawo madara ta ce a karɓa da ido ba. Sai an gwada an auna, an rubuta lita nawa ce. Madarar saniya ana auna ta, jinin mai haihuwa kuwa shekara da shekaru ana kintatarsa.

Wannan giɓi ne binciken da ake kira E-MOTIVE ya toshe, wanda aka fitar da sakamakonsa a watan Mayun 2023. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabinsu a ƙasar nan, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba wata na'ura mai tsada suka kawo ba. Leda ce da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, mai aljihu a ƙasa, an ja layukan awo a jikinsa, jinin yana taruwa a ciki kowa yana gani. Da ya kai layin rabin lita, babu sauran jira. A murza mahaifa, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini na tiranekzamik, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, duk a lokaci guda, a kira na gaba idan abin ya ƙi.

Ƙuri'a aka jefa aka raba asibitocin gida biyu, rabi suka bi sabon tsari, rabi suka ci gaba da yadda aka saba. Inda aka bi tsohuwar hanya, kusan rabin matan da jini ya ɓalle musu ne kawai aka gane. Inda aka sa ledar, an gane fiye da kashi 90 cikin 100. A cikin kowace mace 1,000, kimanin 43 ne a tsohon tsari suka kai ga mummunar zubar jini, ko tiyata, ko mutuwa saboda jini. A sabon tsari 16 ne. Ragin kashi 60 cikin 100 ke nan. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsarin cikin shawarwarinta ga dukan ƙasashe. Magungunan nan duk mun san su tun da daɗewa, suna cikin kabad ɗinmu. Abin da ba mu da shi shi ne hujjar cewa a auna, a kuma haɗa su gaba ɗaya. A ƙasar da take ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya, ki gaya wa Kawunki cike takardu ne ya samo wannan hujjar. Ungozomomi ne suka zauna suna auna nauyin leda, suna rubutawa, mace bayan mace.

Na biyu ya faru ne a ƙaramar hukumarmu. Kin taso kin ga yaran da ake cewa suna da amosanin jini: idanu ɗorawa-ɗorawa, kumburin 'yan yatsu tun suna goye, kukan ciwon ƙashi da zarar sanyin hunturu ya shigo. Da yawa ba a san sikila ce ke cinsu ba sai bayan an sha yawon masu magani, wasu kuma har a binne su ba a sani ba, a ce mayu ne, ko a ce uwar wabi take yi. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Tsakanin 2017 da 2019, Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka yi wata tambaya mai sauƙi: tun da uwa tana kawo jaririnta rigakafi, me zai hana a gwada jininsa a nan take? Suka koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci biyar na Gwagwalada yin amfani da ɗan tsinken gwaji wanda ba ya bukatar lantarki. Ɗigon jini kawai, cikin 'yan mintoci a ga sakamako. Sun gwada jarirai 3,603. An sami 51 masu SS, wato kusan ɗaya cikin 70, da 740 masu AS, ɗaya cikin biyar ke nan. Da aka kai wani kaso na samfuran babban ɗakin gwaji, sakamakon ya zo daidai. Mujallar Lancet ta fannin jini ta buga aikin a 2020.

Ke likita ce, kin fi ni sanin amfanin ganewa da wuri. Yaron da aka san yana da sikila tun yana wata biyu, za a ɗora shi kan fenisilin, a cika masa rigakafi, a kare shi daga sauro, a koya wa uwarsa taɓa saifa da gudu asibiti idan jiki ya yi zafi. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke raba yaron da zai shiga makaranta da wanda ba zai kai yaye ba.

Likitocin Kano da Kaduna kuma, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki wani ɓangaren cutar. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya girma, idan ba a yi komai ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da ke cikin haɗari. A ƙasashen masu hali, irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa duk wata. Mu da muke fama kafin a sami leda ɗaya ga mai haihuwa, ina za mu iya? Sai suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220 a binciken SPRING, wanda ya fito a 2022. Rabi aka ba su ƙaramin awo, rabi matsakaici. Ta fuskar shanyewar jiki ba a ga bambanci tsakaninsu ba, duka biyun sun yi ƙasa sosai da abin da aka sani ga yaran da ba su shan komai, sai dai masu matsakaicin awo sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin Casgevy, mai gyara ƙwayar halittar mai sikila. Na yi murna da jin haka, ina kuma addu'ar ya iso mu wata rana. Amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Yaron Paikon Kore na bana, tsinken gwaji da ƙwayar da aka tabbatar a Kano ne za su riƙe shi.

Na uku yana cikin gidanmu. Kin san Babanki da maganin hawan jini. Bayan sallar Asuba zai zauna a kan buzu, ya zazzage ledar magani, wannan fara, wannan ja, wannan rabi ake sha. In ya kwana biyu kansa bai sara ba sai ya ce ya warke, ya tura ledar ƙarƙashin matashi. In guda ta ƙare a kemis, sai ya ci gaba da sauran, ko ya bar su duka. Haka dubban magidanta suke, har ranar da za a wayi gari baki ya karkace. Shekaru da yawa likitocinmu suna rubuta maganin hawan jini bisa gwaje-gwajen da aka yi galibi a kan Turawa. Farfesa Dike Ojji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, nan Gwagwalada, shi ya jagoranci binciken CREOLE a ƙasashen Afirka shida, a kan baƙaƙen fata 728, aka buga a 2019. An kwatanta haɗin magunguna iri uku, aka ga haɗi biyun da ke da amlodifin a ciki sun fi saukar da jini a jikin mutanenmu. A 2024 kuma ya fito da sakamakon VERONICA, wanda aka yi a Najeriya a kan mutum 300. Magunguna uku aka dunƙule a ƙwaya ɗaya, kowanne ɗan kaɗan, a sha sau ɗaya a rana. Bayan wata ɗaya jinin kashi 81 cikin 100 na masu shan ta ya daidaita, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 55. Bayan wata shida, 82 da 72. Wannan ayari ne kuma ya shigar da awo da maganin hawan jini ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya, aka ɗora aikin a hannun ma'aikatan lafiya na matakin farko. Duniya tana karanta abin da aka gano a asibitin da muke zuwa a kan babur.

Akwai binciken da ya taɓa ni ta wata fuskar. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta labarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa: kumburin ƙafa, haki, kasa kwanciya sai a zaune. An daɗe ana ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa, mu ma haka aka karantar da mu. Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokansa suka tattara bayanan ɗaruruwan mata daga sassan ƙasar nan, suka fitar a 2020. Sun tabbatar cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, amma abubuwan da suka fi fitowa fili tare da ita su ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Wannan bai wanke kanwa ba, gishirinta ba abokin mai hawan jini ba ne. Amma ya nuna cewa idan muka tsaya faɗa da kakanni a kan tukunyar wanka, muka bar yarinya tana ɗaukar ciki da yunwa, ba mu taɓa tushen ba. A 2024 kuma wani gwaji a asibitocin Najeriya shida ya nuna cewa abin sauraron ƙirji mai aiki da ƙirƙirarriyar basira ya ninka yawan masu raunin zuciyar da ake ganowa cikin masu ciki da masu jego.

Na rigakafi kin san su, ba sai na ja ba. Allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21, wadda Jami'ar Oxford ta haɗa, an gwada ta a kan yara kusan 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, ta rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu a yankunan da zazzaɓin ke bin damina. Najeriya ta fara ba da ita a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024. Ba ta kore gidan sauro ba, ƙari ce a kansa. A farkon 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, bayan an gwada ta a Mali da Gambiya.

Tun da na ambaci sanƙarau, bari in zo ga tsoron Kawunki, domin ba daga iska ya ɗauko shi ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, kuma ya nemi izini. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Amma ɓarnar ta wuce abin da kuɗi ke gyarawa. Da jita-jita ta tashi a kan allurar shan inna a 2003, ta tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da rigakafin har tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mu da muka bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a waɗannan shekaru mun san yadda ake rufe ƙofa a fuskar ma'aikaciyar lafiya. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka kar ki raina Kawunki, kar kuma ki yi masa gardamar 'yan boko. Yanzu akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da ƙa'idojin da aka fitar a 2007, kowane babban asibiti kuma yana da nasa kwamitin. Amma ranar da za a zauna da uwa a nemi yardarta, kwamiti ba ya wurin. Ke ce a wurin. Ga sharuɗɗana.

Na farko, yarda ta zama yarda. Dangwala yatsa a takardar Turanci ba yarda ba ce. Ki yi wa mutum bayani da harshen da yake mafarki da shi. A yankinmu kaɗai akwai mai Hausa, da mai Fulatanci, da mai Gbagyi, da mai Bassa. In ba ki iya ba ki nemo wanda ya iya, wanda kuma ba zai rage zance ba. Ki faɗa masa gwaji ne, ba a riga an san wanne ya fi ba, ƙuri'a ce za ta zaɓa masa ɓangare. Ki faɗi illar da aka sani. Ki faɗa masa yana da ikon ƙi, yana da ikon fita ko yaushe, kuma ƙin nasa ba zai hana a duba shi ba. Sannan ki ce ya maimaita miki abin da ya fahimta. Mutanenmu suna da kunyar likita, za su ce "to" alhali zuciyarsu ba ta ce ba. A al'adarmu za a nemi izinin maigida, ki girmama wannan, ki zauna da shi. Amma jikin na matar ne, sai kin ji daga bakinta, ita kaɗai, ba a gaban surukarta ba. Kuma ki kula da talauci. Wanda ba shi da kuɗin kati, in aka ce masa magani kyauta ne, zai sa hannu a kan komai. Kar ki mai da rashinsa ƙugiya.

Na biyu, kar ki rubuta abin da ba ki auna ba. Za a yi daren da kin gaji, layi ɗaya ya rage a fom, awon jinin ƙarfe biyu na dare ba a yi shi ba, zuciya ta ce ki sa lambar da ta yi kama da ta ɗazu. Ki bar gurbin fayau, ki rubuta ba a auna ba. Lambar ƙarya guda tana shiga lissafi, lissafin ya zama shawara, shawarar ta zama allurar da za a yi wa matar da ba ki taɓa gani ba. Shaidar zur ce, ko da babu alƙali.

Na uku, ki karɓi sakamakon da bai yi miki daɗi ba. Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranci gwaji a Legas da Kano a kan masu ciki fiye da 1,000 da ke da ƙarancin jini. Ana sa ran sinadarin ƙarfe da ake ɗurawa ta jijiya sau ɗaya zai fi ƙwayoyin da ake ba su a wurin awo. Da sakamako ya fito a 2024, yawan masu ƙarancin jini gab da haihuwa bai bambanta sosai ba, ko da yake na jijiyar ya fi cike ƙarancin sinadarin kansa. Haka suka buga shi, ba su yi masa kwalliya ba. Da wannan ake bambanta mai bincike da mai lasifikar da ke tallar magani a tasha, wanda kwalbarsa ɗaya ke warkar da basir da taifot da ciwon suga, shi ma yana cewa "bincike ya nuna". Duk wanda ya ce miki haka, ko a tasha ko a WhatsApp ko a taron likitoci, ki tambaye shi: a kan mutum nawa, su wane ne, da me aka kwatanta, wa ya biya kuɗin, wace illa aka gani?

Na huɗu, ki koma ki faɗa musu abin da aka gano. Mun sha ganin baƙi sun zo da motoci, an tara mata a ƙofar gidan mai gari, an ɗibi jini, an yi tambayoyi har da na cikin ɗaki, an tafi. Shiru kake ji. Takarda ta fito a wata ƙasa, masu ita sun sami ƙarin girma, waɗanda suka ba da jininsu ko labari ba su samu ba. Wanda ya ba ki jininsa ya cancanci ki dawo ki zauna a tabarmarsa ki ce ga abin da muka gani. Ki kuma tambayi shugabanninki tun ranar farko: in an gama, maganin ya yi amfani, wa zai ci gaba da ba waɗannan mutane?

Na biyar shi ne wanda ya fi damuna, don shi ne aikin da ba a ba da lambar yabo a kansa. Ledar awon jini ta yi aiki a asibitocin da aka gwada ta, amma ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti. Sauran suna ɗaka, suna ruga, a hannun ungozomar gargajiya da fitilar waya. Allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke, tana lalacewa in ba a ajiye ta a sanyi ba, ƙaramin asibitin da ba wuta kuwa firjinsa kabad ne kawai. Tun 2018 wani babban gwaji da Najeriya ke ciki ya nuna akwai wata allurar, kabetosin, mai jure zafi, da ke hana zubar jini kusan daidai da ita. Ki zagaya ki ƙirga ɗakunan haihuwa nawa ne a ƙauyukanmu suke da ita. Tsinken gwajin sikila ya yi aiki a asibitoci biyar na Gwagwalada, amma har yau ana haihuwar jarirai a yankin nan ba a gwada su. Tsakanin asibitin koyarwa da ƙofar gidanmu ba wata tafiya ba ce, amma sakamakon bincike yakan yi shekaru bai ƙaraso ba. Wani lokaci kuɗi ne, wani lokaci sakaci, wani lokaci kuma babu wanda ya zo ya koya wa ma'aikaciyar da ke wurin. Ina son ki zama cikin masu bin sawun abin da aka gano har ya isa hannun wadda ke kwana ita kaɗai a ɗakin haihuwa. Ki koya mata, ki saurare ta, don ta san abubuwan da ba su cikin fom ɗinki. Ki je ofishin lafiya na ƙaramar hukuma ki yi ta naci a kan leda da allura da tsinken gwaji har a gaji da ganinki. In kuma za ki zaɓi tambayar da za ki bincika da kanki wata rana, ki ɗauko ta daga bakin waɗannan mata.

Na san abokan karatunki da yawa suna haɗa takardun fita waje, ban kuma zarge su ba, na san albashin da yawan aikin. In karatu ya kai ki wata ƙasa, ki je da albarkata, ki koyo. Amma duk sunayen da na lissafa miki a wasiƙar nan, a Kano da Gwagwalada da Legas suka yi aikin da duniya ta karɓa, da majinyatanmu, da ma'aikatanmu, da wutar da ake ɗaukewa. Ba a bar gadon majinyaci don a yi irin wannan aiki ba, a bakin gadon ake yin sa. Likitan da ke duba mutum ɗaya yana taimakon mutum ɗaya, kuma ladansa na nan. Wanda ya auna da gaskiya ya rubuta, yana taimakon har waɗanda za a haifa bayan ya bar duniya.

Ki karɓi tayin. Kafin ki sa hannu, ki nemi takardar amincewar kwamitin ɗa'a ki karanta da idonki, ki karanta takardar neman yarda da Hausa, ki ga ko kakarki za ta gane ta. In kin zo hutun Salla ki ware yini guda, ranar rigakafi, mu je ki yi wa mata bayanin gwajin sikila da alamomin zubar jini, ki kuma zo da abin awo ki duba Babanki da abokan hirarsa na ƙofar masallaci. Kawunki ma ki kai masa gaisuwa har gida, ki zauna ki ji shi har ya gama.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki daga cutar da bawansa, ya tsare alƙalaminki daga ƙarya, ya sa al'umma ta amfana da ke. Haza wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarki.